Akwatin Ɗan Damagaram da Zai Tafi Karatu Ƙasar Ƙanƙara

Tun da sakamakon bak, wato jarrabawar kammala sakandare, ya fito, saƙonnin da ke shigo mini sun koma iri ɗaya. Mai zuwa Rasha, mai zuwa Kanada, masu Aljeriya da Turkiyya, kowa maganarsa akwati ce: me za a zuba, me za a bari, nawa za a kashe. Na tsamo biyar daga ciki, na taƙaita su, na cire sunaye kamar yadda muka saba. Ni ma na yi wannan tafiya, na yi karatu a Masko, saboda haka wani abin da zan faɗa daga wuyar da na sha ya fito.

"Malam, barka da war haka. Ɗana na fari ya samu burs, wato tallafin karatu, zuwa Masko, ana sa ran tafiya cikin Satumba. Na yi adashi na tara jika 200 don kayan sanyi kawai. Na ga manyan riguna masu soso a wurin masu bosho, wato gwanjo, a Kasuwar Dole, mai kayan ya rantse mini daga Turai suka zo. In saya masa biyu ko uku?" Uwa, daga Birni

Hajiya, Allah ya sa albarka, ya kai shi lafiya ya dawo da abin da ya je nema. Kada ki sayi babbar riga ko ɗaya tukuna. Ki ƙulle mafi yawan kuɗin nan ki ba shi ya tafi da su.

Mai bosho bai yi miki ƙarya ba, daga Turai suka zo. Sai dai Turai ba gari ɗaya ba ce. Rigar da aka ɗinka don Paris, inda ma'auni ke yawo tsakanin digiri 3 da 8 a Janairu, ba za ta tsinana komai ba a Masko. Kuma idanunmu a nan ba su iya rarrabe su, don ba mu da abin gwadawa. Sanyin da muka sani, na hunturu, wanda ke sa a hura wuta a ƙofar gida da asuba, dattawa su ja rawani har hanci, yara su yi ta gudun wanka, yawanci digiri 14 ne ko 15, kuma kafin azahar an koma wajen 30 kowa ya tuɓe. A Masko matsakaicin Janairu kusan digiri 6 ne ƙasa da sifili, wasu ranakun ya gangara 20 ƙasa da sifili, kuma babu azahar da za ta zo ta cece ka. Ki lissafa: daga asubar hunturunmu zuwa irin wannan rana tazarar digiri 35 ce. Ta fi tazarar da ke tsakanin asubar Janairu da tsakar ranar Afrilu a Damagaram.

Abin da ya sa na ce ki dakata shi ne lokaci yana gefenki. In ya sauka cikin Satumba, zai tarar da garin kamar safiyar hunturu ce da ta ƙi wayewa, suwaita da 'yar jaket sun ishe shi. Dusar ƙanƙara sai wajen ƙarshen Oktoba ko Nuwamba. Yana da makonni da zai zagaya kasuwa, ya gwada riga a jikinsa, ya ga abin da 'yan gari ke sawa. Ɗalibanmu na Nijar da suka riga shi zuwa sun san shagon da ke da sauƙi, sun san inda ake sayar da na hannu, wani ma da ya gama karatu zai bar masa tasa. Da ɗan gari akan ci gari.

Yanzu bari in gaya miki abin da ya kamata ki saya a nan, amma sai kin fahimci yadda kayan sanyi ke aiki, don a nan yawancinmu ke kuskure. Riga ba ta kawo zafi. Jiki ne ke yin zafinsa, aikin riga ta tsare shi kada ya gudu, kamar yadda kula ke riƙe zafin tuwo ba tare da wuta a cikinta ba. Abin da ke tsare zafin kuwa iska ce da ta maƙale tsakanin zare da zare, tsakanin riga da riga. Shi ya sa riguna uku marasa kauri, ɗaya kan ɗaya, sukan fi guda ɗaya mai nauyin buhu. Ta can ciki mai manne wa fata, ta tsakiya mai riƙe ɗumi, ta waje mai tare iska da ruwa.

Sai ki tuna randa. Me ya sa ruwan randa ke sanyi? Don tana tsatsafo ruwa ta jikinta, iska ta busar, zafi ya tafi da shi. To, haka jikin mutum ke zama in ya sa rigar auduga a ciki ya yi gumi. Auduga tana shan gumi ta riƙe, ba ta bushewa da wuri. Yaro ya yi sauri ya kama jirgin ƙasa, ya yi gumi cikin cunkoso, ya fito waje, sai ya koma randa. Mu da muka tashi da sanin cewa auduga ce sarauniyar tufafi, wannan magana tana mana wuyar haɗiya, amma a can rigar ciki ta ulu ko ta zaren roba irin ta 'yan ƙwallo ta fi ta nesa ba kusa ba.

Saboda haka ki koma wurin mai boshon nan ranar Alhamis, ki wuce manyan rigunan, ki nemi waɗannan: suwaita biyu ko uku, dogayen rigunan ciki masu dogon hannu guda uku, kolan biyu ko uku na sawa ƙarƙashin wando, hular sanyi mai rufe kunne, ɗan mayafin wuya, da safa masu kauri. Ki sa yaron ya karanta ɗan ƙyallen da ke maƙale a wuya ko a gefe. In ya ga laine, ulu ne, ki ɗauka. Akwai kuma wani yadi mai laushi kamar bargon jarirai, Faransawa na ce masa polaire, ba shi da nauyi, yana da ɗumi, yana bushewa da wuri, kuma cike yake a bosho don mutanenmu ba su ɗauke shi da daraja ba. Ki ɗaga kowace suwaita sama ta fuskanci rana, in asu ya ci za ki ga haske na ɓullowa. Ki duba hammata da gwiwar hannu, ki ja zif sama da ƙasa sau uku. A wanke, a shanya, a goge kafin a ninke.

Jika 200 ɗinki, wato sefa dubu 200, sun kai kusan yuro 305, tunda yuro ɗaya sefa 656 ne in an cike. Da ni ne, ba zan kashe fiye da kashi ɗaya cikin huɗu a nan ba. Sauran na babbar riga ne da takalmi, su ne abubuwa biyu da ba a yi musu rowa. Araha ba ta ado, a wannan fanni ma ba ta lafiya.

Akwai sharaɗi guda da zai rushe duk abin da na faɗa. Takardun gayyata da biza sukan ja, tafiyar Satumba ta koma ta Nuwamba ko Disamba. In haka ta faru, ki saya masa guda ɗaya, mafi kauri, mai hula a jiki, wadda ta sauka ta rufe cinya. Aikinta kawai ta kai shi daga ƙofar filin jirgi zuwa masauki, ta riƙe shi mako guda. Kuma ya riƙe ta a hannu ya shiga jirgi da ita. Ni a Nuwamba na sauka, tawa tana cikin babban akwati, akwatin kuma ya kwana uku a wani filin jirgi a hanya. Da jamfa da 'yar suwaita na fito. Ba zan manta yadda iskar ta shiga haƙorana ba, na ɗauka sun tsage.

Ƙaramin abu na ƙarshe, Hajiya: a jami'o'in Rasha akwai ɗakin ajiye riguna a bakin shiga, ka miƙa rigarka a ba ka lamba. Masu karɓa ba sa son rigar da ba ta da 'yar igiyar ratayewa a wuya. Ki haɗa masa allura da zare mai ƙarfi, ki koya masa ɗinka ta, da maɓalli ma.

"Kawu, ni ɗaliba ce, zan fara karatu a birnin Kebek na Kanada a zangon Janairu. Ina sa hijabi da doguwar riga, ba na son in canja shigata. Ƙawata ta ce dole sai na koma wando da ƙaramar jaket. Gaskiya ne? Kuma wane takalmi zan saya?" Daga Zango

'Yata, ƙawarki ba ta yi daidai ba. Ƙasar sanyi ita ce wurin da ya fi ko'ina sauƙin suturce jiki, don kowa a rufe yake daga kai har ƙafa wata biyar. Abin da za ki canja ba shigar ba ce, abin da ke ƙarƙashinta ne da tsawonta.

Amma ki sani kin zaɓi shiga kogi ta wurin da ya fi zurfi. Matsakaicin Janairu a Kebek wajen digiri 12 ne ƙasa da sifili, ga iska daga kogin Sen Loran. A can ba ma'auni kaɗai ake dubawa ba, ana faɗin yadda sanyin ke ji a fata in an haɗa da iska. In wannan lissafi ya kai 28 ƙasa da sifili, fatar da ke buɗe tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Alamarta wurin ya mutu, ya daina jin taɓi, ya yi tauri. A baƙar fata launin ba ya nunawa sosai kamar na Turawa, don haka kada ki jira ki gani a madubi. In kunne ko yatsa ya yi shiru bayan yana zogi, ki shiga ɗaki, ki ɗumama shi a hankali da tafin hannu ko ruwa mai ɗumi-ɗumi. Ba a murzawa, ba a kai shi jikin wuta.

Ke ba ki da makonnin da na ba ɗan Hajiya. Tun yanzu ki nemi wadda za ta tarbe ki ta zo miki da riga da takalmi na aro, washegari ku tafi kasuwa tare. Rigar da za ki nema ita ce doguwa mai sauka ƙasa da gwiwa, mai hula. Iri biyu ne: mai cike da gashin agwagwa, wadda ta fi ɗumi da rashin nauyi amma ta fi tsada kuma ba ta son jiƙa, da mai cike da audugar roba, wadda ta fi nauyi kaɗan amma ta fi haƙuri da ruwa da wanki. Ɗaliba mai lissafin kuɗi, ta biyun ta ishe ta in mai kyau ce. Ki gwada ta da suwaita a ciki, ki ɗaga hannuwa sama, ki zauna, ki ga ko zif ɗin na buɗewa ta ƙasa, don hawan mota.

Dogayen rigunanki ki tafi da su, amma ki kai wa tela ya rage tsawonsu su tsaya a idon sawu. Nan gida rigar da ke sharar ƙasa ƙura kawai take kwasa, a kakkaɓe. A can titi cike yake da narkakkiyar ƙanƙara haɗe da gishirin da ake barbaɗawa don kada hanya ta daskare. Bakin riga ya sha wannan taɓo, ya jiƙe, ya manne miki a ƙafa, ya bushe da farin zane. Ƙarƙashin rigar ki sa kolan mai kauri, ranar tsanani ki ƙara wando a kai. Zani kuwa ki bar shi na cikin ɗaki da ranar taro, iska tana shiga ta ƙasansa kamar an buɗe mata ƙofa.

Hijabai ki saye su a nan, ki yawaita, don sun fi araha kuma za ki samu irin da kika saba. Ki fi ɗaukar masu yadin roba mai miƙewa a kan masu shara-shara. Kada ki nemi mai kauri ƙwarai: cikin aji da ɗakin karatu ana ɗumama su har wajen digiri 21, in hijabin da kansa ne maganin sanyinki za ki zauna kina zufa ba halin cirewa. Ki bar shi daidai, ki ɗora hular sanyi ko hular riga a kai in za ki fita, ki cire in kin shiga. Ranar sanyi mai tsanani ki ajiye 'yan kunnen ƙarfe, ko na zinariya ne, don ƙarfe yana jawo sanyi kai tsaye zuwa fatar kunne. Kuma kada ki fita da jiƙaƙƙen kitso.

Takalmi a can za ki saya, ba shawara biyu. Mai rufe idon sawu zuwa sama, wanda ruwa ba ya ratsawa, mai gashi ko soso a ciki, tafinsa mai haƙora kamar tayar mota. Ki ɗauki wanda ya fi ƙafarki da lamba ɗaya, ki gwada da safa mai kauri, yatsunki su iya motsi. Mutane sukan cusa safa uku cikin matsattsen takalmi su yi mamakin ƙafa ta ƙi ɗumi. Jini ne ke kai zafi ƙafa, in kin matse shi kin tare hanya. Safar hannu ma, wadda yatsu huɗu ke zama tare cikin aljihu ɗaya ta fi mai yatsu biyar ɗumi, ko da ba ta kai ta kyau ba.

Ki cika gwangwani da man kaɗe mai kyau ki sa a babban akwati, ba jakar hannu ba, don ba a barin abu mai ruwa ko maiƙo da ya wuce mililita 100 ya shiga ciki da fasinja. Iskar ɗakin da ake ɗumamawa ta fi ta hunturu busar da fata. Kaushi da fason da kika sani nan suna can suna jiranki.

"Malam, ni Setif aka tura ni, a Aljeriya. Abokaina na ta ce in sayi kayan sanyi, ni kuwa na ce ai Afirka ce, maƙwabtanmu ne, hamada ɗaya muka haɗa." Ɗalibi, daga Mirriya

Ɗana, in ka ji ana ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Hamadar da muka haɗa da su tana kudu. Kai arewa za ka, kan tudu. Setif tana sama da teku da kusan mita 1,100, Batna ma haka take, kuma dusar ƙanƙara tana zuba a can. Sanyin bai kai na Masko ba, yakan tsaya kusa da sifili da dare, amma jiƙaƙƙe ne, mai ruwa da iska, irin mai shiga ƙashi. Duk mai zuwa Ankara ko arewacin Faransa, wajen Lil, ya ɗauki wannan amsa tasa ce.

A nan bosho zai yi maka aiki sosai, don rigunan da ke zuwa mana yawanci na irin wannan sanyi ne. Ka nemi buluzon ɗaya, wato jaket, da ruwa ba ya ratsawa, suwaita uku, kolan, safa. Lema ka saya a can. Abin da za ka fi kula da shi kayan barci ne: wandon motsa jiki mai kauri da rigarsa, da safar kwana, don ba kowane ɗaki ke da ɗumi da dare ba. Bargo kada ka ɗauka, zai cinye rabin akwati, kuma akwai shi a kowace kasuwa. In ka ga dattawan garin da wata doguwar riga mai hula, ruwan ƙasa, ta ulu ko gashin raƙumi, sunanta kashabiya. In aljihu ya yarda wata rana, ka saya, ta fi buluzon goma.

Gargaɗi ɗaya, ka riƙe shi da kyau. Dabarar nan tamu ta shigar da kaskon garwashi ɗaki, kada ka kai ta can, kuma kada ka kwana da murhun gas a kunne taga a rufe. Ɗakunansu a toshe suke ruf, ba kamar namu masu shan iska ba. Gawayi da gas suna fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum ya yi barci bai farka ba. Duk lokacin sanyi ana rasa rayuka ta wannan hanya a Aljeriya.

"Malam, yarona zai tafi Turkiyya. Na ɗinka masa shadda kala takwas har da babbar riga biyu, kada ya je ya ji kunya cikin mutane. Uwarsa kuma ta haɗa kilishi da yaji da kuka. Akwati ya ƙi rufuwa." Uba, daga Sabon Gari

Alhaji, akwatin ya fi mu gaskiya. Yawancin kamfanonin jirage kilo 23 suke ba kowane akwati, wasu tikitocin akwati biyu, wasu ɗaya, sai jakar hannu ta kilo 7 ko 8. A duba tikitin yaron a ga abin da aka rubuta, kada a dogara da abin da wani ya ce an ba shi bara. Abin da ya haura, kuɗinsa a filin jirgin Yamai yakan fi kuɗin kayan. A ara sikeli a auna tun a gida.

Cikin takwas ɗin nan ya ɗauki biyu, in an matsa uku, babbar riga ɗaya. Zai sa su ranar Juma'a, ranar Sallah, da ranar da ɗalibai ke nuna al'adun ƙasashensu ko bikin 18 ga Disamba, ranar Jamhuriyar Nijar. A ranakun nan shaddarsa za ta fitar da shi kunya fiye da kowace kwat, kuma ba zai samu telan da zai ɗinka masa irinta a can ba, shi ya sa ban ce a bar su duka ba. Sauran kwanakin shekara wando ne da suwaita. Shadda ba ta riƙe ɗumi ko kaɗan, iska ke ratsa ta. Ba mabugi a can, injin wanki na ɗakin ɗalibai kuma zai kashe mata ƙyalli a wanki biyu. Da hannu zai wanke ta, da ruwan sanyi.

Ka lura da wani abu: a 'yan shekarun nan Azumi yana faɗowa cikin Fabrairu da Maris, yana kuma ja baya da wajen kwana 11 duk shekara. Ke nan duk ƙaramar Sallar da yaron zai yi kafin ya gama digiri cikin sanyi za ta same shi. A mayar wa tela wandunan ya sake su kaɗan yadda kolan zai shiga ƙarƙashi, jamfar ma ta ɗauki suwaita a ciki. Hula ya tafi da guda biyu, amma ya sani ba ta rufe kunne, sai an shiga masallaci ake fito da ita.

Wurin da shadda shida suka bari, a cike shi da abin da ba a yi wa ado: gajerun wanduna da singileti na kwana goma, don wanki sau ɗaya ne a mako in an samu layi, tawul, silifas na banɗaki. Ledojin nan da ake zuƙe wa iska suna rage girman kaya, ba sa rage nauyi, kada su ruɗe ku. Takalmin da ya fi nauyi da rigar da ta fi kauri a jikinsa za su hau jirgi. Kuma tunda akwatin zai yi kusan kilomita 900 a mota kafin Yamai, a naɗe kayan cikin leda saboda ƙura.

Yaji da kuka da busasshiyar kuɓewa, a ɗaure su ninki biyu, a raba su da tufafi, in ba haka ba yaron zai yi wata uku yana ƙanshin miya a aji. Kilishi kuwa ku ci abinku a gida ku yi masa addu'a. Ƙasashe da yawa sun hana matafiyi shiga da nama, Tarayyar Turai da Kanada suna da tsanani a kai. Ba ya da kyau ranar farko ta yaro ta fara da jami'in kwastan.

"Kawu, ya zan yi da alwala? An ce mini cire takalmi da safa sau biyar a rana cikin ƙanƙara azaba ce." Ɗalibi, daga Garin Malam

Ɗana, wannan ita ce tambayar da na fi so a wannan mako, don amsarta tana nan cikin garinmu, wurin dukawa. Ka je a ɗinka maka huffi, wato safar fata.

A mazhabar Malikiyya da muke bi, an yarda a yi shafa a kan huffi maimakon wanke ƙafa, in ya cika sharuɗɗa: ya zama na fata mai tsarki, ɗinkakke, ya rufe idon sawu, ana iya tafiya da shi, kuma ka sa shi bayan ka kammala alwala da ruwa har da wanke ƙafafu. Daga nan in alwala ta warware, sai ka sake ta, ka shafa samansa da ƙasansa da jiƙaƙƙen hannu. In wanka ya wajaba, dole a cire. Kafin ka tafi ka zauna da malaminka ya nuna maka da hannu, ka kuma tambaye shi hukuncin safar da ba ta fata ba, don za ka tarar da 'yan wasu ƙasashe suna shafa a kanta kuma malamai sun saɓa.

Ruwan zafi kuwa ba zai zama matsala ba, famfunan can baki biyu ne. Abin kiyayewa shi ne fita waje da danshi. Ka riƙe ɗan ƙaramin tawul a jaka, ka tsane fuska da gemu da tsakanin yatsu kafin ka buɗe ƙofa. Lokutan salla ma za su ba ka mamaki, a Masko cikin Disamba yinin wajen awa 7 ne kawai, azahar da la'asar da magariba suna bin juna kusa-kusa, sau da yawa alwala ɗaya za ta ɗauke ka.

Huffin zai zauna ne cikin takalmin ƙanƙara, ba shi zai taka titi ba. Takalman fatarmu na Damagaram, duk kyansu, gishirin hanya yana cinye su cikin 'yan makonni, ka ajiye su na rani. In ka je wurin baduku, ka sa safar da ta fi kauri cikin waɗanda ka saya kafin ya auna ƙafarka. Ka ce masa fatar akuya mai laushi kake so, ɗinkin ya kwanta kada ya yi tudu a dunduniya, ya haura idon sawu da yatsa uku. A yi maka ƙafa biyu, don ɗaya ya sha iska ranar da kake sanye da ɗayan, kuma ka ba shi aikin tun yanzu, kada ka bari sai ana saura kwana biyu tafiya.